Ranar da 'yata ta ce: "Umma, mu ina tamu rawar?"

A wannan fitowa ina so in ba ku labarin wata 'yar tafiya ta yini ɗaya da muka yi da iyalina zuwa bikin waƙe-waƙe da raye-rayen gargajiya na ƙasashen duniya. Na fita ne da niyyar kallon al'adun mutane, amma na dawo gida da wata tambaya da ta hana ni barci a kan tawa al'adar.

Shekaru 9 ke nan da karatun maigida, daga baya kuma aikinsa, suka kawo mu birnin Manchester na ƙasar Ingila. Lokacin da muka sauka 'yata tana da shekara 2 (ku yi min uzuri, 'yar fari ce, bakina ba zai iya faɗin sunanta ba), ƙaninta kuwa a nan aka haife shi. Duk wadda ta taɓa zaman Turai ta san yadda kwanaki ke wucewa: kai yara makaranta, ɗauko su, cefane, girki, sai leƙen taga a ga ko ruwa ya ɗauke. Babu tsakar gida, balle a yi maganar dandali. A cikin gida ina yi wa yara Hausa, su kuma su mayar min da Turanci. Na daɗe ina cewa a raina ai ba komai, tunda dai suna ji.

Gayyatar maƙwabciya

Muna da wata maƙwabciya dattijuwa wadda mijinta ya rasu, nakan aika mata da waina da naman sallah, ita kuma ta kawo mana furanni daga lambunta. Na ɗauka Baturiyar Ingila ce, sai wata rana ta gyara min, ta ce ita 'yar Wales ce, kuma suna da harshensu daban wanda bai yi kama da Turanci ba ko kaɗan. Wales ɗaya ce daga cikin yankuna huɗu da suka haɗu suka yi Birtaniya. Ita ce ta ba ni labarin bikin da ake yi duk watan Yuli a wani ƙaramin gari mai suna Llangollen, inda ta ce tun tana yarinya take zuwa, ta kuma roƙe ni mu je tare da yara.

A haƙiƙanin gaskiya da farko zuciyata ba ta kwanta ba. Ni matar aure da hijabina, me zai kai ni wurin rawa? Da daddare na gaya wa maigida. Ya duba tsarin bikin a intanet, ya ce abin kashi biyu ne: da rana gasar yara 'yan makaranta ce da ƙungiyoyin gargajiya, da dare kuma manyan mawaƙan zamani ke wasa. Ya ce mu je na rana, mu kamo hanya kafin dare. Ya kuma tuna min da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na ranar da Nana A'isha (RA) ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci, Manzon Allah (SAW) yana kare ta da mayafinsa. Ya ce abin da muka ga bai dace ba mu kau da kai, mu ja yaranmu mu yi gaba. A kan haka muka tsaya.

Garin da ya buɗe wa duniya ƙofa

Ranar Asabar da sassafe muka ɗauki hanya, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. Muna shiga ƙasar Wales sai allunan hanya suka koma harshe biyu, nasu da Turanci. Ɗan autana ya hango wani rubutu da farin fenti a kan kwalta, ARAF, ya yi tsalle ya ce: "Abba, ga Suratul A'arafi an rubuta a titi!" Dariya ta cika motar. Dattijuwar ta ce da harshensu kalmar tana nufin a rage gudu. Ta kuma yi ta fama da mu a kan yadda ake faɗin sunan garin, domin harafin L guda biyu a wurinsu sai an ɗora harshe a ganɗa an fesa iska ta gefen baki. Har yau ban iya ba.

Llangollen gari ne da mutanensa ba su kai 4,000 ba, a gefen kogin Dee, tsaunuka korra shar sun kewaye shi, ga kangon wata tsohuwar fada a kan dutse tana kallon garin. Sunan bikin da harshensu Eisteddfod, wato zaman taron da mawaƙa da marubuta ke gasa, al'adar da suka gada tun ɗaruruwan shekaru. Amma na wannan garin, wanda ake gayyato ƙasashen duniya, an fara shi ne a 1947, shekara biyu kacal bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu. Wani tsohon ɗan jarida mai suna Harold Tudor ne ya kawo shawarar, da nufin mutanen da suka gama harbin juna su zo su yi takara da murya.

A wancan lokacin abinci ma da kati ake sayensa a Birtaniya, amma mutanen garin suka buɗe gidajensu suka sauki baƙi. Ana gab da farawa ma'aikatan jirgin ƙasa a Faransa suka shiga yajin aiki, hankalin masu shiryawa ya tashi, suna tsoron babu wanda zai iso. Sai ga motar wata ƙungiyar mawaƙa mata daga birnin Porto na ƙasar Fotugal ta shigo gari, kuma su suka ci gasar mata. Mazan da suka ci tasu gasar daga Hangari suke, waɗanda da jirginsu ya tsaya a hanya suka ƙarasa tafiyar da roƙon ɗani a motocin mutane. A 1949 kuma mawaƙa daga birnin Lübeck na Jamus suka zo cikin fargabar yadda za a karɓe su, aka tarbe su da tafi.

Tun daga nan bikin yake ta bunƙasa. Tun 1952 yara ke gabatar da saƙon zaman lafiya ga duniya a kowace shekara. Shahararren mawaƙin nan na Italiya, Luciano Pavarotti, ya zo a 1955 yana ɗan shekara 19 a cikin ƙungiyar da mahaifinsa yake, suka ci gasa, ya kuma dawo a 1995 bayan ya yi suna a duniya. Babbar rumfar da ake gasa a cikinta Sarauniya Elizabeth ce ta buɗe ta a 1992. Annobar korona ta hana taruwa a 2020 da 2021, aka dawo a 2022, shekarar da bikin ya cika 75. Mafi yawan aikin kuwa, tun daga karɓar tikiti har zuwa ƙawata dandamali da furanni, 'yan sa-kai ne na garin da kewaye suke yi.

Abin da idona ya gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ba mu samu jerin gwanon ƙasashe da ake yi a cikin gari ba, domin ya faɗo a ranar makaranta, amma filin kansa ya ishe mu kallo. Ban da babbar rumfa akwai ƙananan dandamali a waje, ƙungiya na sauka wata na hawa, jama'a na zaune a kan ciyawa.

Farkon waɗanda muka kalla 'yan matan Ailan ne, waɗanda ke miƙe hannuwansu a gefen jiki kamar an ɗaure, ƙafa kaɗai ke aiki, da saurin da ido ba ya iya bi. Bayansu sai samarin Wales masu takalmin katako. Wannan rawa suna kiran ta clocsio, ta leburori ce da 'yan aikin gona, kuma cike take da nuna bajinta: wani ya tsallake tsintsiya yana riƙe da ita, wani ya kashe kyandir mai ci da dugadugansa ba tare da ya ture shi ba. Ɗan autana har yau yana ɗaukar min tsintsiya yana gwadawa.

Sai wasu 'yan mata daga Indunusiya, kowacce kanta a rufe, suka durƙusa a layi kafaɗa da kafaɗa kamar sahun sallah. Ba su tashi ba har suka gama. Da tafi da bugun cinya da sunkuyar da kai suke yi, a hankali a hankali har abin ya koma kamar guguwa, babu wadda ta kuskure. Irin rawar yankin Aceh ce, 'yar uwar rawar maza da ake kira Saman, wadda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun da ke buƙatar kariya a 2011. Ta matan kuwa ita ce 'yan makaranta fiye da 1,500 suka yi a bikin buɗe wasannin Asiya a Jakarta a 2018. Na lura 'yata ta ƙura musu ido, ta gyara ɗankwalinta.

Da azahar ta yi muka nemi wani lungu a bayan rumfuna, muka shimfiɗa darduma muka yi sallah, babu wanda ya ko kalle mu. Muka ci dafa-dukar da na yo daga gida, dattijuwar na ta shan ruwa saboda yaji amma ta ƙi ajiye cokali.

Tambayar da ta kashe min jiki

Bayan sallah ne 'yan Punjab na Indiya suka hau. Mazansu suka fara da Bhangra, rawar manoma ta murnar girbin alkama a watan Afrilu, da wata babbar ganga da suke kira dhol. Bayan sun sauka sai matansu suka fito. Suka yi da'ira suna tafi, ɗaya ta ja waƙa, sauran suka amsa, biyu suka shiga tsakiya suka taka suka fita, wasu biyu suka shiga. Wata ta ja mayafi ta rufe fuska tana kwaikwayon amarya, wata ta dafa ƙugu tana kwaikwayon uwar miji, sauran na dariya. Sunan wannan wasa Giddha.

'Yan uwa, wallahi sai na ji tsigar jikina ta tashi. Ban ji ko kalma ɗaya daga abin da suke faɗi ba, amma na san wasan nan. Gaɗa ce! Nan take na ga kaina a dandalin garinmu a ƙasar Katsina, farin wata fes, mun yi rabin da'ira, mai ba da waƙa na bayarwa muna amshi, ɗaya ta fita ta juya ta faɗo da baya mu cafe ta mu cilla sama. Ban san lokacin da hannuna ya fara tafi ba, kuma tafin bai saɓa da nasu ba.

Sai na ji an taɓa ni. 'Yata ce, ta ce da Turanci: "Umma, mu ina tamu rawar?" Na ce muna da ita mana, har ba iri ɗaya ba. Ta ce to me ya sa ban taɓa nuna mata ba? Ta ce duk ranar da ake nuna al'adu a makarantarsu, 'yan ajinsu Indiyawa sukan yi rawa, 'yan Poland su yi waƙa, ita kuwa daga atamfa sai robar cincin take zuwa da su, kuma da malamarsu ta tambaye ta wasan da yara ke yi a ƙasarsu, cewa ta yi ba ta sani ba. Na buɗe baki in rera mata waƙar gaɗa ko guda ɗaya, sai layin farko kawai ya zo, sauran ya ɓace. Kunya ta lulluɓe ni. Ni da nake ganin na riƙe al'ada saboda ina tuƙa tuwo a Ingila!

Tsohuwar da ta ceci rawar ƙasarta

Dattijuwar ta ga yadda jikina ya yi sanyi, sai ta ce kada in damu, su ma sun taɓa shiga wannan halin. Ta ce a ƙarni na 18 da na 19 wa'azin coci ya yi ƙarfi a Wales, aka ɗauki rawa a matsayin zunubi, aka haɗa mai kyau da marar kyau aka watsar, har ya zama rawar takalmin katako ce kaɗai ba ta taɓa yankewa ba. Harshen ma bai tsira ba, domin a wasu makarantu a ƙarni na 19 duk yaron da aka ji yana yaren gida sai a rataya masa wani ɗan katako a wuya, wanda katakon ya kwana a wuyansa a ƙarshen yini ya sha bulala. Nan na tuna yadda ake cin mu tara a firamare idan aka kama mu muna Hausa a aji.

Ta ce da aka farga aka tashi nema, sai aka tarar wasu raye-rayen babu su a ko'ina sai a kan wata tsohuwa mai suna Margretta Thomas, wadda aka haifa a 1880, daga ƙauyen Nantgarw kusa da Cardiff. Tana ƙarama ta ga ana yin su, ta riƙe a ka. 'Yarta Ceinwen Thomas, wadda malamar harshe ce, ita ta zauna da ita ta rubuta komai, taki bayan taki. Ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta Wales, wadda aka kafa a 1949, ta yaɗa su, kuma yau ana koya wa yara ana hawa dandamali da su. Harshen nasu ma sun tashi tsaye a kansa. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum 538,300 ke magana da shi a Wales, wato kashi 17.8 cikin 100, kuma gwamnatinsu na da burin kai su miliyan ɗaya nan da 2050.

Na yi shiru ina lissafi. Mutanen da masu jin harshensu ba su kai na wasu unguwannin Kano in an haɗa ba, sun rubuta shi a kan kwalta. Mu masu miliyoyi, 'yata ba ta san kalmar gaɗa ba. Kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, uwa da 'yarta ne suka yi wancan ceton, a zaune a cikin ɗaki.

Na kira Inna

Washegari na kira mahaifiyata. Da na gaya mata abin da nake nema ta yi dariya har da tari, ta ce: "Ke da sai an biyo ki da tsumagiya kike barin dandali?" Sannan ta ce ai ko a gida yanzu ba a yi. 'Yan mata na islamiyya da dare, waɗanda ba sa can suna kan waya ko kallon fim, ga kuma tsoron 'yan bindiga da ya sa ana isha'i kowa ke rufe ƙofa. Sai ta ce: "Ba ni kishiyar tawa, ita zan koya wa, ke kin tsufa."

Tun daga ranar Inna ke turo mana waƙoƙi ta WhatsApp. Inda ta manta sai ta aika a kira mata ƙawarta ta maƙwabta su haɗa. Ni kuma na sayi littafi ina rubutawa, har mun tara 11. Akwai baitocin da na cire domin ba su dace da bakin yarinya ba, wannan kuma aikin uwa ne. A cikin waƙoƙin ne 'yata ta fara tambayata ma'anar turmi da taɓarya da lugude, kalmomin da babu dalilin da zai sa ta ji su a Manchester.

Na gaya wa matan Hausawa da muke zumunci da su a nan, yanzu gida biyar muke haɗuwa sau ɗaya a wata, mata da 'yan mata zalla, a saki labule. Ba mu da ƙwarya, sai muka kifa roba a bahon ruwa muna bugawa da ludayi, mu ce kiɗan ƙwarya muke irin na marigayiya Barmani Coge. Akwai 'yar Damagaram a cikinmu, da 'yar Sakkwato, da wata daga zangon Kumasi, kuma sau da yawa waƙa ɗaya ce amma kowa da yadda aka koya mata, a yi ta musu ana dariya. Ba zan ce muku 'yata ta daina mayar min da Turanci ba, har yanzu tana yi. Amma ranar nuna al'adu da ta zagayo, ita ta tsayar da 'yan ajinsu a rabin da'ira ta koya musu amshi.

Ga mai niyyar zuwa

'Yar uwa, idan kina zaune a Birtaniya kina sha'awar zuwa, ki duba tsarin kwanakin tun da wuri, ki sayi tikitin rana. Mai zuwa ta jirgin ƙasa a tashar Ruabon za ta sauka, daga nan ta hau bas. Ki riƙe lema da rigar sanyi ko da kin ga rana, domin ruwan Wales ba ya sallama. Ki yo abincinki daga gida, ki riƙe darduma. A watan Yuli yini na da tsawo, magariba sai wajen ƙarfe 9:30, don haka azahar da la'asar ne za su same ki a can. Akwai rumfunan da ake sayar da giya, akwai kuma shigar da ba irin tamu ba, sai ki riƙe hannun yaranki ki zaɓar musu inda za ku zauna. Idan kuma a wata ƙasa kike, ki bincika, ana irin wannan biki a Confolens ta Faransa da Zakopane ta Poland da wasu garuruwa da dama.

Ke kuma uwargida da ke gida, kada ki ce wannan matsalar 'yan ƙasar waje ce. Yau da daddare ki tambayi 'yarki waƙar gaɗa nawa ta iya. Idan ta yi shiru, ki duba cikin dangi wace tsohuwa ce ta rage mai su a ka, ki kai mata goro, ki zauna kusa da ita da waya ko da littafi da biro. Inna ta haura 70, kuma a cikin waƙoƙin da ta turo akwai guda biyu da ta ce ita da ƙawarta kaɗai suka rage masu iya su a unguwar.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya shirya mana zuri'a, ya sa su yi alfahari da inda suka fito. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.